Rasuwar Jan Gwarzo, Injin Yanke Ciyawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har baki tun ranar Asabar, ni Likitan haƙori, mai gidan nan mai koren get da ke ƙarshen layi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda labarin zai faranta wa rai, cewa Jan Gwarzo, injina na yanke ciyawa, ya riga mu gidan gaskiya. Ya rasu da hantsi, a bakin aiki, ina zaune a kansa, a tsakiyar lambun da ya yi wa hidima duk tsawon rayuwarsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ba irin injin nan ba ne da mutum ke turawa a gabansa yana gumi kamar mai kurar ruwa. Hawansa ake yi. Yana da tayoyi huɗu, na baya manya, da baƙar kujera mai laushi, da sitiyari, da fitilu biyu a goshi, da ɗan rami a gefen dama inda ake ajiye kofin shayi. Wuƙaƙensa suna ƙarƙashin ciki, ba ya nuna su ga kowa sai ciyawa. Ja ne jawur, kuma har ya koma ga ƙasa fentinsa bai dusashe ba.

Shigowarsa gidan nan ba ta zo da sauƙi ba, domin tun kafin a gan shi yake da maƙiya. Maƙwabcina Lauya ne ya fara sayen na turawa. Wata Asabar ya leƙo ta kan katanga, ya ga Baba mai lambu a durƙushe yana saran ciyawa da adda, ya ce, "Likita, ashe har yanzu a zamanin da kuke?" Ya yi dariya ya koma. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Na kawo maganar gaban mai ɗakina, ba don neman izini ba, don dai a ce an yi shawara. Ta saurare ni tana tsince shinkafa. Ta ce, "Likita, lambun nan fa in aka shanya zannuwan gado an rufe rabinsa. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. In bayan Baba kake tausayi, ka sayi irin na Lauya." Ta kawo maganar bishiyoyi, wai a ina zai juya. Ta kawo maganar ƙofar lambu, wai ba zai wuce ba. Ta tambayi inda za a ajiye shi, da wanda zai duba shi in ya lalace, da inda za a samo kayan gyaransa. Na lura duk tambayoyi ne na mutumin da bai taɓa son wani abu da gaske ba. Wanda ya sayi irin na Lauya ai ya zama ƙanin Lauya ke nan. Washegari na je kanti, na hau kujerar, na riƙe sitiyarin, na ji kamar sai da aka auna hannuna kafin a ƙera shi. Mai kanti ya tambayi girman lambuna, na ce masa ya ishe mu.

Gaskiya ne bai wuce ta ƙofar lambu ba. An fasa katanga, ya wuce. Gaskiya ne kuma gareji bai ɗauke shi ba, ga motoci. Sai na duba na ga ɗakin bayan gida, inda Baba mai lambu ke kwana tun zamanin mahaifina, yana da siminti mai kyau, ba ya yoyo, kuma mai kwana a cikinsa aikinsa ya ƙare. Na kira shi na yi masa bayani cikin mutunci. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a waɗannan shekarun nawa ina zan nufa?" Na ce masa duniya da faɗi, kuma ba inda ciyawa ba ta fitowa. Na bar masa addar kyauta, ko da yake tawa ce. Aka kwashe tabarmarsa da 'yan komatsansa, aka wanke ɗakin tas da sabulu, domin marigayi ba ya son ƙura.

Shaidar da zan ba shi ta gaskiya ce. Bai taɓa zuwa da sassafe ya ce mini jikarsa ba ta da lafiya ba. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa kallona ta wutsiyar ido ba. Fetur kawai yake ci, ba ya zaɓe. Da an murɗa makulli sai ya gyara murya, kirrr, kirrr, sannan ya amsa da gurrrum, daga nan ya shiga wannan dum-dum-dum nasa mai sanyaya zuciya, wanda ke rufe duk wata murya a gidan. In ina kansa, ana iya kirana har maƙogwaro ya bushe, ba na ji. Mai iyali ne kaɗai zai san darajar wannan. Ranar da muka fara fita tare, Lauya ya leƙo ta katanga, ya duba, ya janye kansa bai ce komai ba. Wannan shirun ban taɓa jin waƙar da ta kai shi daɗi ba.

Damuwa ɗaya muka samu: kafin shayin da ke kofin ya huce mun gama lambun. Mahassada suka ce wannan shaida ce injin ya fi ƙarfin wurin. Ni kuwa na ga wurin ne ya gaza masa. Ba a ɗaure ingarma a akurki. Gwaiba ce ta fara tafiya, don a kusurwa take, kullum sai na yi ta ribas a gabanta kamar ɗan koyo. Lemun tsami ya bi ta, tunda ƙayarsa ta karce masa gefe. Sai ɗan fangalin mai ɗakina na tumatir da alayyafo, wanda ta kewaye da bulo da hannunta. Na tuna mata ana sayar da tumatir a kasuwa. Ta tsaya a ƙofar kicin tana kallo ana kwashe bulon, na ɗauka ta fahimta.

Dole in ambaci maganar kunkuru, tunda an yi ta yawo da ita a dangi ba daidai ba. Auta, wadda ita kaɗai ta rage a gabanmu, tana da kunkuru da take kiwo tun tana aji ɗaya. Takan ba shi ganyen latas, ta ɗiga masa jan farce a baya don ta riƙa gane shi a cikin ciyawa. Na sanar da kowa cewa Asabar da safe lambu na Jan Gwarzo ne. Kunkuru bai kiyaye ba. Abin da na ji kawai shi ne ƙarass. Marigayi ya ɗan yi tuntuɓe, ya ci gaba da aikinsa yadda ya kamata ma'aikaci ya yi. Auta ta fito ba takalmi tana tsince abin da ya saura tana zubawa a siket ɗinta. Na kashe inji na sauka na duba, na tarar ɓawon ya yi wa wuƙa ɗaya giɓi. Har yau babu wanda ya yi mini jajen wannan. Na saya wa yarinyar kunkurun roba a hanyar dawowa daga aiki, mai kyau, har da makullin da ake murɗawa ya yi tafiya. Tun daga ranar in na shigo falo sai ta tuna tana da aikin makaranta.

Saura mangwaro. Mahaifina ne ya dasa shi shekarar da ya gina gidan, kuma tun da ya rasu tsohuwata ta mayar da gindinsa ɗakinta na rana. Idonta ya yi rauni, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Da safe mai ɗakina za ta kama hannunta ta kai ta, a shimfiɗa mata tabarma, a ajiye mata rediyo da buta, tana nan jingine da itacen har rana ta yi sanyi. Ban taɓa ƙin wannan ba. Amma saiwoyin bishiyar sun fito sama suna gurje cikin Jan Gwarzo. In 'ya'yan sun zubo kuma, wuƙa ta kwashi ƙwallo ta harba, har gilashin tagar ɗakina ya tsage. Ga shi duk Asabar sai an tashe ta an naɗe tabarma, ita kuwa tashinta aiki ne, inji yana tsaye yana shan mai a banza.

Na same ta na durƙusa yadda ɗa na gari ke yi, na gaya mata za a sare. Ta lalubo gwiwata ta dafa.

Ta ce, "Ɗan nan, ka bari in tafi tukuna. Ai ba zan daɗe ba."

Na ce, "Mama, tun ina jami'a kike faɗar haka."

Ranar da Yaya, wadda nake bi, ta zo ta kai ta asibitin ido, na kira masu zarto. Kafin su dawo an gama, an share, ko ganye ba a bari ba. Sai dai kututture. Mai ɗakina ta hau kansa ta tsaya, ta ce ba za a tuge ba, a bar wa Mama ko wurin zama ne. Masu aiki suna kallo, ban so a yi abin kunya a gabansu ba, na ƙyale ta.

Da suka dawo, tsohuwa ta saki hannun Yaya ta nufi wurinta da kanta, don ƙafarta ta san hanya. Ta miƙa hannu inda ta saba taɓa itacen, hannun ya wuce. Ta ɗaga fuska, rana ta doke ta. Ta ce, "Wa ya buɗe ni?" A ranar Yaya ta haɗa mata kaya ta tafi da ita gidanta, wani ɗaki a saman bene da babu ko tukunyar fure. Aka ce ni na kore ta. Ban kori kowa ba. Ɗakinta yana nan, a ciki ma nake ajiye jarkokin mai, bargon da ta manta kuma bai lalace ba, da shi nake lulluɓe marigayi in an yi sanyi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Lambu ya zama fili guda, shimfiɗe kamar darduma daga katanga zuwa katanga, ba inuwa ba cikas, sai kututturen nan da muke kewayewa. Mukan tafi a miƙe mu dawo a miƙe, ciyawa ta fito layi-layi kamar an taje ta. Wani lokaci in mun gama sai mu sake, wuƙa tana yankan iska. Ɗakunan baya sun ƙara zafi, tsuntsaye sun daina zuwa, an huta da kashinsu.

Ciwon ajali ya fara da damina. Na murɗa makulli ya ce kirrr, kirrr, ya yi shiru. Na sake, ya yi tari, kof, kof, ya fitar da baƙin hayaƙi. Na kira bakanike. Ya kwanta a ƙarƙashinsa ya daɗe, ya fito ya ce wani ƙarfe ne ya cinye a ciki, kuma babu shi a gari, sai an yi oda daga waje. Mai ɗakina tana wucewa da kwandon wanki, ta ji, ta ci gaba da tafiyarta. Muka shiga jira. Ruwa yana sauka, ciyawa tana tashi, har ta kai gwiwa. Lauya ya aiko a tambaye ni ko ina son aron nasa. Na ce a gaya masa na gode, ba mu kai nan ba.

A cikin kwanakin ne Yaya ta fara damuna da waya, wai Mama ta daina cin abinci. Na aika da magani. Ranar da ƙarfen ya iso, bakanike ya yi alkawarin zuwa da safe. Da safen Yaya ta kira ta ce, "Ka zo yanzu. Kai take kira." Na gaya mata halin da ake ciki, cewa nan ma akwai mara lafiya, da an ɗaura zan taho. Wanda ya san bakanikai ya san safiyarsu. Sai bayan azahar ya iso, kuma ba a barin bakanike shi kaɗai da abin da ake so. Na tsaya a kansa ina miƙa masa sifana. Wajen la'asar Jan Gwarzo ya ce gurrrum. Na ji ƙwalla a idona. Na wanke hannu na kama hanya.

Na tarar an rufe mata fuska. Mai ɗakina da Auta suna can tun safe, a tasi suka je. Yaya tana zaune a bakin gado. Ta dube ni, ta dubi baƙin man da ya saura a farcena.

Ta ce, "Ya tashi?"

Na ce ya tashi.

Ta ce, "To, madalla."

Ba ta sake yi mini magana ba har yau. Allah ya jiƙan tsohuwa. Ta yi tsawon rai, ta ga jikoki, kuma a matsayina na likita na san ko na zo ba abin da zai canza.

A gidana aka karɓi gaisuwa, tunda ni ne namiji. Mai ɗakina ta hana a tayar da inji, wai ba a yin haka mutane suna zaune. Don haka duk wanda ya zo ta'aziyya sai da ya ga lambuna kamar kangon da aka manta. Na haɗiye wannan kunyar. Da baƙi suka watse, Asabar ta zo, na fito da shi, na goge masa fitilu, na zuba shayi. Lauya yana kan katanga. Na saka giya ta ƙarshe.

Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Doguwar ciyawa tana kwanciya a gabanmu, ƙamshinta yana tashi. Muka yi layin farko, muka juyo, muna tsakiyar na biyu na ji gam. Sai ƙwarrr, kamar an zuba cokula a injin niƙa. Sai tsss, a hankali, a hankali, har ya yi shiru. Kututturen ne, ciyawa ta rufe shi. Ni kuwa bakina ya daki sitiyari, haƙorana biyu na gaba suka faɗo a kan cinyata, ni da na yi shekara da shekaru ina gaya wa mutane su kula da nasu. Baƙin mai yana tsiyaya daga cikinsa yana shiga ƙasa. Na ɗaga kai na ga Auta a taga. Ta dube ni sosai, ta ja labule.

Bakanike ya zo ya buɗe, ya leƙa, ya rufe. Ya ce, "Likita, sai haƙuri. Ya tsage gida biyu. Ko wanda ya ƙera shi ba zai tashe shi ba."

Na shiga ciki da auduga a baki, na sami mai ɗakina tana jera kaya a akwati. Na gaya mata kututturen da ta hana a tuge ne ya kashe shi.

Ta ce, "Na sani. Tun makon jiya na ga ciyawa ta rufe shi."

Na ce, "Shi ne kika kasa gaya mini?"

Ta ce, "Na kira ka sau ɗaya daga kicin, Likita. Kana kansa."

Ta zuge akwatin. Da yamma ƙaninta ya zo da mota, bai ko shigo ya gaishe ni ba, ga shi ya san abin da ya same ni. Ta tafi da Auta da tukwane masu kyau. Makullin gida kuwa a kan kujerar marigayi ta ajiye mini.

Marigayi ya rasu ya bar ni. Ya bar makullansa biyu, da jarkar fetur da ko rabi bai sha ba, da sabon bel na inji a cikin ledarsa, da ƙarfen nan da aka yi oda wanda bai more shi ba. Ya bar fili mai faɗi da bai ƙarasa yankewa ba. Akwai waɗanda suka ci arzikinsa, suka taka ciyawar da ya gyara, suka shanya wanki a kanta. Ba a saka su cikin magada ba, sun san dalili.

Tun da labarin ya fita, wasu abokan aiki sun tambaye ni ko irin wannan inji ya cancanci a saya wa lambun gida. Amsata ita ce ya cancanta, kuma da zan sake, wanda ya fi shi faɗi zan saya. Sai dai kada mutum ya yi irin sakacina. Kafin ya shigo da shi, ya zaga gidansa ya tuge duk abin da ke da saiwa, tun daga tushe, kada ya bar wa kowa ko wurin zama.

Za a fitar da gawar ranar Alhamis da hantsi. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da motar kaya. Na roƙe shi kada ya ɗora shi a sikeli a gabana, kada kuma ya sa masa guduma sai ya bar unguwa. Kujerar ba ta cikin cinikin, a falo za ta zauna. Tayoyin gaba sun kafe, ba ya turuwa, don haka ana buƙatar maza masu ƙarfi da za su ɗaga. Da farko na ce kada Lauya ya zo, amma in ya zo ya kama ta baya.

Daga nan za a karɓi gaisuwa har magariba. Masu zuwa su yi haƙuri, ba za a ba da abinci ba, kuma ba zan iya doguwar magana ba saboda baki. A ƙwanƙwasa get da ƙarfi a ɗan jira, daga falo zuwa can da nisa. An yi hayar kujeru, suna jingine a bango. Wanda ya fara isowa ya taimaka mini mu jera su.